Tunawa da Bayin Allah: Ina Iyakar Girmamawa?

Karatu: Ibraniyawa 13:7-8, Maimaitawar Shari'a 34:5-8

Akwai bawan Allah da kake bin sawunsa ko da bai sani ba. Wataƙila fasto ne da ya yi maka baftisma, ko dattijuwar zumuntar mata da ta koya miki addu'a. Idan Ubangiji ya kira irin wannan mutum gida, shekara ta zagayo, me ya dace mu yi da ranar? Mu yi shiru kamar ba a taɓa yinsa ba? Ko mu nufi kabarinsa neman albarka?

Tambayar ta daɗe. Yahudawa, waɗanda ta wurinsu muka karɓi Attaura da annabawa, suna da tsari a kanta. Ranar cikar shekarar rasuwar iyaye ko malami suna kiranta yarzait. Sukan kunna kyandir mai ci dare da yini, su ba da sadaka, su yi karatu, su ziyarci kabari su ɗora ƙaramin dutse a kai alamar an zo. A majami'a, idan maza goma sun hallara, mai makoki yakan karanta addu'ar Kadish. Abin lura shi ne, babu ambaton mutuwa a cikin wannan addu'a. Daga farko har ƙarshe ɗaukaka sunan Allah ne da roƙon salama. Wanda aka yi wa rashi shi ne ke miƙewa tsaye ya yabi Allah a gaban jama'a.

Idan babban malami ne, wasunsu sukan mai da ranar biki, suna kiranta hilula, almajirai su taru su karanta koyarwarsa. Mafi girma ita ce ta Rabbi Shimon bar Yohai, malamin ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu, wanda ake ziyartar kabarinsa a Meron ta ƙasar Galili. Ana yinta a rana ta 33 cikin kwanakin da ake ƙirgawa daga Idin Ƙetarewa zuwa Fentikos. Dubban mutane kan taru, a hura wuta, a kwana ana waƙa da rawa. A can ne, ranar 30 ga Afrilu 2021, turmutsutsu ya kashe mutum 45 a wata ƙunƙuntar hanya.

Mu ma nan Kano abin ba baƙo ba ne. Maƙwabtanmu suna da sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in. Mu kuma muna da sujadar tunawa, da anko, da kalanda mai hoton marigayi. To, me Maganar Allah ta ce?

Da farko, mantuwa butulci ce. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta umarce mu mu riƙa tuna shugabannin da suka faɗa mana Maganar Allah, mu duba yadda suka ƙare, mu yi koyi da bangaskiyarsu. Bishara ba daga sama ta faɗo Arewa ba. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin shigo da ita ƙasashenmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, bayan shekaru na wahalar fassara da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. 'Ya'yanka sun san waɗannan sunaye? Sun san wanda ya fara kawo bishara ƙauyenku?

Na biyu, tunawa tana da iyaka. Isra'ilawa sun yi makokin Musa kwana 30, amma Allah da kansa ya binne shi, ya ɓoye kabarin. Me ya sa, a ganinka? Mutanen da suka yi sujada ga ɗan maraƙin zinariya don Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, me za su yi da ƙasusuwansa? Ka tuna macijin tagulla. Da umarnin Allah aka ƙera shi, mutane suka warke da dubansa. Da aka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, Allah kuwa ya yaba wa sarkin (2 Sarakuna 18:3-4). Abin da Allah ya yi aiki da shi jiya yana iya zama gunki yau.

Wani zai ce, ai gawa ta taɓa ƙasusuwan Elisha ta tashi. Gaskiya ne. Amma Allah ne ya yi, sau ɗaya, babu wanda ya je nema, kuma ba mu karanta cewa an mai da wurin gidan ziyara ba. Saboda haka, in ka ɗebo ƙasar kabarin fasto ka ajiye a shago don kasuwa ta buɗe, ka yi laya ce, ko da ka sa mata sunan shafewa. Matsakanci ɗaya ne tsakaninmu da Allah, kabarinsa kuwa babu kowa a ciki.

Na uku, wanda ya fi zafi. A Matiyu 23 Yesu ya tsauta wa masu gina kaburburan annabawa suna ƙawata su, alhali ba sa jin maganarsu. Girmama mamaci yana da sauƙi, domin ba ya ƙara tsauta maka. Akan kashe maƙudan kuɗi a kan rumfa, anko da abinci, matar marigayin kuwa tana fama da kuɗin haya, ɗansa an koro shi daga makaranta. Wa aka girmama a nan? Kyan ɗa ya gaji ubansa. In mai gaskiya ne shi, gādonka gaskiya ce a ofis da kasuwa. In mai azumi ne, kar bikin tunawa da shi ya ƙare a ci da sha kawai.

Shi ya sa marubucin Ibraniyawa, da ya gama zancen shugabannin da suka wuce, nan take ya juyo da idonmu ga Yesu Almasihu wanda ba ya sakewa. Bayi suna zuwa suna tafiya, Maigidan yana nan.

Abin yi yau: Rubuta sunan bawan Allah guda da ya taimaki bangaskiyarka. Ka gode wa Allah dominsa, ka ba yaranka labarinsa a sujadar yamma, ka nemi iyalinsa cikin makon nan da abin da hannunka ya iya.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin waɗanda suka riga ni cikin bangaskiya. Ka tsare ni daga mantuwa, ka tsare ni daga bautar mutum. Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ikon ƙare tserena da aminci kamar yadda suka ƙare nasu, cikin sunan Yesu. Amin.