Zumuncin Tsutsa da Kiyashi

In damina ta yi nisa a ƙasar Dutse, mai bin gefen gonaki yakan ga wani ɗan malam-buɗe-littafi, fukafukansa ja wur kamar gaci, girmansa bai fi gaɓar yatsa ba. Masana suna kiransa Axiocerses harpax. Macen takan zuba ƙwai a kan itatuwa dangin bagaruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi ta cin ganye, sa'an nan ta kwanta cikin ƙwanso, kana ta fito da fukafukai.

Tsutsar nan ba ta da makami. Amma a bayanta akwai wata 'yar kafa mai fid da ruwa mai zaƙi. Kiyashi yakan zo ya sha, shi kuwa ya tsare ta daga zanzaro da gizo-gizo.

To, shin wannan zumunci ne ko ciniki? Waɗansu sun ce ciniki ne kurum, tun da kowa cikinsa yake yi wa aiki, alheri kuwa sai wanda aka yi ba don lada ba. Maganar tana da nauyi. Amma in aka bi ta, zaman manomi da Bafulatani ma ba zumunci ba ne, ga shi kuwa tun kakanni, in an gama girbi, shanu kan ci karan gona su bar taki, kowa ya amfana.

A Ingila akwai wani ɗan'uwan wannan malam-buɗe-littafi, shuɗi. Tsutsarsa takan yaudari kiyashi ya kai ta gidansa, ta cinye masa 'ya'ya. Da aka rage kiwo a tuddan da yake zaune, ciyawa ta yi tsawo, kiyashin ya ƙaura, shi ma ya ƙare ƙaf a ƙasar a 1979, sai daga baya aka kawo irinsa daga Suwidin. Wanda yake cuta, ashe shi ne rufin asirinsa.

Saboda haka samun amfani ba shi ne aibi ba, gama zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne. Abin dubawa shi ne halin da mutum ya bar abokin zamansa, ƙaruwa ya yi ko raguwa. Manomin da ya nome burtali, da makiyayin da ya saki shanu cikin gero, kowannensu reshen da yake zaune a kai yake sara.