Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Da kaka kowa mai arziki ne a Gabi ta jihar Maraɗi. Rumbu ya cika da dammunan hatsi, an sayar da wake da gyaɗa, kuɗi sun shigo hannu. Lokacin ake ɗaura aure, a ɗinka sutura, a sayi babur. Lokacin kuma hatsi ya fi araha, manomi na auna tiya yana miƙa wa ɗan kasuwa a wulaƙance. Kafin damina ta raba tsakiya, shi ne zai koma wurin ɗan kasuwar nan ya saya da tsada, wani lokaci da bashi.

Mutanen jihar Maraɗi sun san ƙarshen wannan hali. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, yunwa ta biyo baya a 2005. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba, kuɗin saye ne babu. Wanda ba shi da ajiya ya sayar da akuya a banza, wani ya jinginar da gonar gado. Da aka rufe iyakar Nijeriya a 2023, masu cin abinci da kasuwar Jibiya sun sake ganin yadda hanyar samu ke toshewa dare ɗaya.

Wasu na cewa tanadi rowa ce, ko rashin tawakkali. To, Annabi Yusuf, Alaihissalam, da umarnin a adana hatsi a zangarniyarsa ya ceci Masar daga yunwar shekara bakwai. Marowaci yana hana mai haƙƙi, shi kuwa mai tanadi ransa yake hanawa don iyalinsa su tsira da mutunci.

Kada kuma a fake da talauci. A nan jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Kowane mako mace ta kunce bakin zanenta ta zuba ƴan daloli a asusu, a rubuta, a kulle. Ranar da zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, daga nan kuɗin babur da na magani za su fito. Tsarin ya bazu a ƙasashen Afirka da dama.

Maigida, ka yi koyi da su tun ranar sussuka. Ware dammunan da ba za a taɓa ba sai damina. Kada ka tara komai a dabba, tunda ɓarayin daji sun addabi yankinmu: ka raba, wani a rumbu, wani a asusu. Biki zai iya jiran baɗi, amma ciwo da haihuwa ba su jiran kowa.