Hawan Dutsen Kufena: Wahalar Da Mutum Ya Sayo Da Kansa

Duk wanda ya san Zariya ya san Dutsen Kufena, wanda yake tsaye yamma da birni, daf da Wusasa. Samari da 'yan mata, musamman ɗalibai, sukan je a ranakun hutu su hau shi don motsa jiki. Hawan kuwa ba wasa ba ne, domin falalen dutse ne, a wasu wuraren sai mutum ya haɗa da hannu yana rarrafe, gumi na zuba, numfashi na sarƙewa. In an kai ƙololuwa a ɗan huta, a hangi gari, sannan a sauko gwiwa na rawa, ba tare da an tsinto ko anini ba. To, a nan ne tambayarmu take: shin wahalar da mutum ya sayo da kansa tana da wata daraja, ko kuwa ƙoshi ne kawai ya yi masa yawa?

Kafin mu amsa, ya kamata mai karatu ya tuna cewa kakanninmu ba don nishaɗi suka hau duwatsu ba. Kufan ganuwar da ke kewaye da Kufena shaida ce cewa mafaka aka nema a wurin. Haka nan wanda ya bi hanyar Funtuwa ta 'Yankara zuwa Gusau zai ga Dutsen Kwatarkwashi, inda mutane suka zauna a sama saboda tsoron mahara, sai da ƙasa ta lafa suka sauko. Matar da ta hau irin wannan dutse da tulu a kanta, da goyo a bayanta, ba ta taɓa kiran abin motsa jiki ba.

Kada kuma a ce wannan labarin da ne. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su cikin daji a ƙasa, da yawansu ba takalmi, sai ranar 17 ga watan aka sako su. A waɗannan shekaru manoman Faskari da Sabuwa da dama sun bar gonakinsu na gindin duwatsu, domin dutsen da ya ɓoye kakanninsu daga mahara shi ya koma yana ɓoye maharan. Saboda haka wani zai ce ai rashin ta-ido ne mutum ya ɗauki gorar ruwa ya tafi neman gajiya, alhali ga 'yan'uwansa can gajiyar ce ta zo ta same su har gida.

Wannan magana tana da nauyi, amma a ganina ba ta rushe hawan dutsen ba, sharaɗi ta gindaya masa. Mu duba Safa da Marwa. Nana Hajara ta yi kai-da-kawowa tsakanin duwatsun nan biyu ne don ƙishirwa na neman kashe ɗanta. Alhaji kuwa yana yin safarar nan sau bakwai alhali ga ruwan Zamzam a kusa da shi. Ba wanda zai ce wahalarsa ɗaya da tata, amma an ɗora masa ita ne don kada a manta da tata. Haka mai azumi, ya san da faɗuwar rana zai sha ruwa, mayunwaci kuwa bai san ranar buɗa-bakinsa ba. Duk da haka ta wannan yunwa mai iyaka ake so mawadaci ya ɗanɗani marar iyakar. Ashe ke nan wahalar ganin-dama makaranta ce, kuma darajarta tana ga abin da mutum ya sauko da shi.

Haɗarin da ke ciki shi ne girman kai. A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar Dutsen Everest, daga nan masu hali suka yi ta tururuwa can. Amma masu ɗaukar musu kaya talakawan Nepal ne da ke hawa don neman abinci, kuma a watan Afrilu na 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe 16 daga cikinsu a rana guda. Dutse ɗaya, hanya ɗaya, wani na neman suna, wani na neman tuwo. Wanda ya sauko bai lura da wannan bambanci ba, to, ƙafarsa kaɗai ta yi hawan.

'Yan'uwana marubuta, mu ma masu hawan ganin-dama ne, domin mukan shiga wahalar wasu da alƙalami, in mun gaji mu rufe littafi mu kwanta. In za mu rubuta labarin yaron Ƙanƙara ko manomin Sabuwa, kada mu mai da ƙayar da ta soke shi adon zance. Mu je mu saurare shi, mu rubuta abin da ya faɗa, mu kuma riƙa tuna cewa mu muna da hanyar sauka, shi kuwa ba a ba shi zaɓi ba. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, har yaran Faskari su hau duwatsun garinsu don wasa kawai, amin.