Tafiyar Sannu: Halin Kirki ko Gata?

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin dubawa shi ne: shin tafiyar sannu halin kirki ce da ya cancanci yabo, ko kuwa gata ce ta wanda cikinsa ya ƙoshi? Za mu nemi amsa a hanyoyin ruwa na haƙa da ke karkarar Ingila.

A shekarar 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, daga nan kuma haƙa ta bazu a ƙasar. Jiragen da aka ƙera wa waɗannan hanyoyi sirara ne, faɗinsu bai cika ƙafa 7 ba, tsawonsu kuwa yakan kai ƙafa 70. Doki ke jan su da igiya daga bakin ruwa. Da jirgin ƙasa ya karya kuɗin dako a ƙarni na 19, sai masu jirage suka kwaso iyalansu suka tare a ɗan ƙuntataccen ɗaki a bayan jirgi. Nan ake girki, nan ake haihuwa, yara da yawa kuma ba su san ƙofar makaranta ba. Idan aka isa dogon ramin da aka huda ƙarƙashin tudu, inda doki ba shi da hanya, maza kan kwanta rigingine suna tura bango da ƙafa har jirgi ya fita.

Yau dako ya kusa ƙarewa, inji ya maye gurbin doki. Tun 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales. Da bazara mutane kan yi hayar jirgi su yi mako guda suna ratsa gonaki da makiyayar tumaki, bisa ƙa'idar kada a wuce mil 4 a awa. Wajen hawan tudu akwai ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa har ya ɗaga shi. A Tardebigge irin waɗannan guda 30 ne a jere, duk da hannu ake buɗe su.

To, mai karatu zai lura cewa ruwa ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, amma mutanen biyu sun bambanta. Na dā bai zaɓi sannu ba, talauci ne ya ɗaure shi da takun doki, tun asuba har dare. Na yau kuwa kuɗinsa ya sa ya sayi sannu, ranar da ya gaji ya koma motarsa. Ashe sannu ita kaɗai ba abin yabo ba ce, kamar yadda ba a kiran mai yunwar dole da mai ƙana'a.

Sai dai ba a nan zancen ya tsaya ba. Al'adar hanyar ita ce matuƙi ya rage gudu in zai wuce jirgin da ke ɗaure, don kada igiyar ruwa ta kifar da tukunyar wani. Duk buɗe ɗakin ruwa yana rage ruwan sama, saboda haka a shekarar fari ana so mutum ya jira jirgin da ke tahowa, kada a zubar da ruwa a banza. In ya fita kuma ya rufe ƙofa a bayansa, domin wanda ba zai taɓa gani ba.

A taƙaice, sannun da aka tilasta wa mutum wahala ce, wadda ya saya hutu ce. Wadda ta zama halin kirki ita ce wadda ya yi alhali yana da ikon sauri, domin kada saurinsa ya cuci wani.