Ciwon Ƙodar Gado a Jarirai: Tsakanin Tawakkali da Neman Magani

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai siffanta bayi a mahaifa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, a lungunan unguwar Gwammaja ta Kano akan haifi jariri da kumburarren ciki, yana numfashi da kyar, wani ko suna ba ya kaiwa. In abin ya maimaitu, sai a fara raɗe-raɗi: wabi uwar take yi, ko kuwa mayu ne. Ta rasa ɗa, ga kuma zargi.

Ka sani, daga cikin sabubban haka akwai cutar gado da likitoci ke kira ARPKD, mai samun kusan jariri 1 cikin 20,000. Ƙananan magudanan da ke cikin ƙoda ne suke buɗewa su cika da ruwa, har ƙodar ta kumbura ta zama kamar soso. Da yake fitsarin ɗan tayi shi ne mafi yawan ruwan mahaifa, in ƙoda ta gaza sai ruwan ya ƙaranta, huhu ya kasa girma. Waɗanda suka tsallake makonnin farko kan yi fama da hawan jini da taurin hanta.

A shekarar 2002 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo wannan ciwo, PKHD1. Cutar ba ta bayyana sai ɗa ya gaji gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa, ya kuma gaji wata daga uba, alhali su biyun lafiyarsu ƙalau. In haka ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Ashe ɗora wa uwa laifi zalunci ne, uban ma bai yi laifi ba. Auren zumunci halal ne, sai dai 'yan'uwa sun fi saurin haɗuwa a kan ƙwaya guda, don haka zuriyar da jarirai suka sha rasuwa a cikinta ta nemi shawarar likita tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta shafi amosanin jini da wasu cututtuka, amma gwajin jinin AA da AS ba ya nuna wannan cutar.

Ba a samo maganin da ke tumɓuke ta ba, sai dai akwai kulawa mai tsawaita rai da izinin Allah. Mai ciki ta je awo, domin hoton ciki kan nuna ƙodoji manya masu haske da ƙarancin ruwa, sai a shirya haihuwa a asibiti, ba a hannun ungozoma ba. A taimaka wa jariri da na'urar numfashi, a ba shi maganin hawan jini, a kula da abincinsa. In ƙoda ta gaza, sai wankin ƙoda, sannan dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta hana cinikin gaɓoɓi.

Yarda da ƙaddara wajibi ne, riƙo da sababi kuwa umarni ne. Masu hali su tallafa wa iyayen da tsadar jinya ta durƙusar, malamai su tsawatar wa masu jifar uwa da zato. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya waɗanda suka riga mu masu ceton iyayensu. Allah ne Mafi sani.