Wanda Ya Ƙi Bin Manya, Butulu Ne Ko Gwarzo?



Lokacin zaɓen fid da gwani na 2022 na shiga Babbar Kasuwa ta Katsina sayen atamfa, na iske gardama ta kaure a wata rumfa. Dattijon mai rumfar yana cewa duk ɗan takarar da ya ja da wanda manyan jam'iyya suka tsayar butulu ne, domin bin na gaba bin Allah. Yaron shagonsa ya ce, "Haba Alhaji, in manyan ne suka ɓata miyar fa?" Na biya kuɗina na fito, amma maganar ta bi ni har gida.

Mu Katsinawa mun ga abin nan da idonmu. A 1992 Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi gaba a zaɓen fid da gwanin SDP, Babangida ya soke zaɓen, ya hana 'yan takara 23 sake tsayawa. A watan Maris na 1993 a Jos, Abiola da bai daɗe da shiga jam'iyyar ba ya kayar da Babagana Kingibe, tsohon shugabanta. Ko a Amurka, a 2008 Obama ya ture Hillary Clinton, wadda ake ganin ta riga ta gama da manyan jam'iyyarsu. Kin ga kenan ba kullum zaɓin manya ke zama zaɓin jama'a ba.

To amma ga inda na tsaya da tunani. Umaru Musa 'Yar'aduwa yana saurayi ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, alhali mahaifinsa, Mutawallen Katsina, jigo ne a NPN. A Disambar 2006 kuwa, shi ne wanda Obasanjo ya ɗaga wa hannu a PDP. Ɗan tawayen jiya ya zama zaɓin manyan yau. Amma da ya hau mulki a 2007, da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi akwai kura-kurai, ya kafa kwamitin gyara. Wallahi wannan ya fi burge ni a kan tawayen ƙuruciyarsa.

'Yar uwa, kar ki ce wannan zancen maza ne. Sau nawa muka ga yarinyar da ta yi kukan auren dole, ta girma ta yi wa 'yarta? Ko wadda ta sha wuyar uwar miji, ɗanta na yin aure ta hana surukarta sakat? Ashe ba zaluncin ta tsana ba, zamanta a ƙasa ta tsana.

Don haka ni a ganina, ƙin bin manya shi kaɗai bai mai da mutum gwarzo, kamar yadda biyayya ga son zuciyarsu ba ladabi ba ce. Babba yana da haƙƙin a girmama shi, amma ba shi da haƙƙin a ce baƙinsa fari ne. Mai tawaye kuma ba ranar da yake ihu ake gane shi ba, sai ranar da ya hau kujera, na ƙasa da shi ya ce masa a'a.

Saboda haka in ɗan takara ya zo yana zagin manya, kar sabulu da turmin atamfarsa su rufe miki ido. Ki bincika yadda yake yi da yaransa in sun saɓa masa. Ke ma ki dubi yadda kike yi da 'yar aikinki da matar ɗanki.

Allah ya ba mu shugabanni adalai, mu ma ya sa mu zama adalai a gidajenmu, amin.