Malalar Mai: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya hore wa ɗan Adam tudu da teku. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗan'uwa mahaƙin zinariya ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ce: "Malam, ina ruwan mutumin Tchibarakaten da malalar mai a tashar jiragen ruwa, alhali ruwan alwalarmu ma a mota ake kawo shi a sayar mana? Kuma in jirgi ya fashe a teku, ai ƙaddara ce, ba mai tare ta."

Maganarsa ta farko ba ta da wuyar amsa. Tun watan Mayu na 2024 jiragen ruwa suka fara ɗaukar ɗanyen man Nijar a tashar Seme ta ƙasar Benin, bayan ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem. Rabon ƙasa daga kuɗinsa baitulmalinmu yake shiga. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Maganar ƙaddara ita ce abin tsayawa. Mun yi imani cewa babu abin da ke aukuwa sai da nufin Allah, amma shari'a ba ta taɓa karɓar wannan a matsayin hanzari daga mai sakaci ba. Malamanmu na Malikiyya sun hukunta cewa wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a dabbar wani ta faɗa, shi zai biya. Haka nan wanda ya kunna wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci gonar maƙwabci. Ba su ce ƙaddara ba ta shiga ba. Sun dubi wanda ya buɗe ƙofar ɓarnar ne. Sayyidina Umar ma da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara abin zargi ba.

To, mu dubi yadda malalar take faruwa. A watan Disamba na 2011, a filin mai na Bonga da ke tekun Nijeriya, ana cikin ɗura wa jirgi mai bututun ya yoye, ganga kusan 40,000 suka kwarara. A 1989 jirgin Exxon Valdez ya bar tasha a Alaska ta Amurka ya hau dutse, masu bincike kuwa suka ambaci gajiyar ma'aikata cikin dalilan haɗarin. Tsatsa ce da ba a duba ba, ko ma'aikaci da aka hana barci. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a 1990, wadda ta nemi tashoshin mai su tanadi shirin gaggawa tun kafin ɓacin rana. Kayan aikin sanannu ne: shinge mai yawo a kan ruwa don killace man, injin kwashe shi, da mutanen da aka horar.

A nan wuyar take, ya 'yan'uwa. Shugaban tashar da ya kashe dukiya kan shingen da zai shekara goma a ajiye ba a buƙace shi ba, babu mai gode masa, wataƙila ma a kira shi almubazzari. Wanda ya soke kuɗin ya nuna riba, shi ake yabo, muddin dai asiri a rufe yake. Ni ina ganin na biyun ya riga ya ci amana tun ranar da ya soke kuɗin, ko da ɗigo ɗaya bai zuba ba, domin ya yi caca da abincin masunta waɗanda ba su san an sa su a cacar ba. Kada a ce ai za a biya diyya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wace diyya ce za ta mayar wa masunci shekarun ƙarfinsa?

Da na zo nan sai ɗan'uwan ya ce to, wannan aikin manya ne. Na tambaye shi inda yake zubar da baƙin man injinsa. Ya nuna bayan rumfa, inda yashi ya yi baƙi ƙirin, kusa da hanyar da ruwa ke bi ya gangara ƙorama in Allah Ya kawo sama, can inda makiyaya ke shayar da raƙuma. Na ce ya samo ganga mai murfi. Ya ce ganga a nan tsada gare ta.